Kumburin Cikin Surukina

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2006, da la'asar

Baba ya ce zai koma ƙauye. Ba ni ya faɗa wa ba, don Baba ba ya yi mini magana kai tsaye, ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na durƙusa na ajiye masa kwanon tuwo a ƙofar ɗaki, shi kuma ya juya ya fuskanci bango ya ce, "A gaya wa masu gida an gode da ɗawainiya. Baƙo raɓa ne." Masu gidan nan ni ce, ni kaɗai, tun da aka kwashi sojoji, har da mijina Sebastian, zuwa Darfur. Na ce, "To, Baba, za a faɗa musu." Na tashi na shiga kicin na tsaya ina kallon risho kamar wadda aka aika ta manta saƙo.

Na san dalili. Duk wanda ya je sujada jiya ya san dalili. Fasto ya ce kowa ya sunkuyar da kai ya yi addu'a a zuciyarsa, coci ya yi tsit, sai iska ta kuɓuce wa Baba a layin dattawa. Bencin katako ne, shi kuwa katako ba ya rufa wa mutum asiri. Yaran baya suka tuntsire da dariya, wata uwa ta kai wa nata rankwashi. Baba bai ɗago kai ba har aka sa albarka aka tashi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wa'azi a ƙauyensu, wanda ko tari ya yi sai mutane sun gyara zama.

Ba jiya abin ya fara ba. Falo muka raba biyu da katako muka yi masa ɗaki, don haka babu abin da ba na ji. Cikinsa na ƙugi, yana gyatsa, sannan ɗayan abin. Ina jin yana ƙara muryar rediyo don ya rufe, ni kuma ina buga tukwane don ya ɗauka ban ji ba. Haka muke zaune, kowa na yi wa ɗan'uwansa kara.

Ba zai tafi ba. Aikin yanar ido ya kawo shi Samaru, ba a kira shi ba tukuna, kuma tun rasuwar Mama babu mai ɗora masa tukunya a can. A tasha Sebastian ya riƙe hannuna ya ce, "Rhoda, ga amanar Baba." Ko ki kula da kanki bai ce ba. Zan gyara cikin nan ko ta halin ƙaƙa, kuma ba tare da na buɗe baki na ambaci abin ba.

Laraba, 8 ga wata, da sassafe

Wake ne, na yanke hukunci. Buhu guda ya zo da shi na gonarsa, kuma tun daga ranar muke ci kamar an yi mana wahayi: ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, alale, ɗanwake. Na ja buhun na tura ƙarƙashin gadona. Koko zalla na dama masa.

Laraba, da yamma

Ya ce da bango, "A tambayi masu gida ko ƙwari ne suka shiga waken nan."

Na ce, "A'a, Baba, shanya shi ake yi."

Ƙarya a gaban mai wa'azi. Ubangiji ya gafarta mini.

Alhamis, lokacin tara a makaranta

Na yi wautar tambayar malamai a ofis, na ce wata maƙwabciyata ce ke fama. Nan take kowa ya zama likita. Wannan ta ce tafarnuwa da zuma, waccan ta ce a daka gawayi a sha, malamin lissafi ya ce tsutsar ciki ce, mai koyar da aji ɗaya ta ce ai ba banza ba, a kai ta wurin addu'a. Sai wata ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Maƙwabciyar taku ba cocinku take zuwa ba?" Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Labari ya riga ni zuwa wurin aiki.

Na shiga aji na rasa abin da zan koyar. Na sa yara suka yi ta kwafe rubutu har aka kaɗa ƙararrawa.

Asabar, 11 ga wata, da azahar

Na je kasuwar Sabon Gari wurin Bibiana. Ita ce mai busasshen kifi da kayan yaji da nake saye a wurinta, Inyamura ce amma a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Na tsaya ina kwana-kwana, ina cewa akwai wani babba a gida da cikinsa ke ɗan kumbura. Ta ajiye wuƙa ta ce, da muryar da har mai manja na layin baya sai da ya juyo, "Ticha, wa ke tusa a gidanku?"

Na rubuta kalmar ne don ita ta faɗa, ba ni ba.

Da ta gama dariya ta zaunar da ni a kan buhu. Ta ce wake ba shi da laifi in an san kansa: a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a surfe ɓawon, a dafa har ya narke. Ta ce a daina ba shi kabeji da ɗanyar albasa da dankali, a ɗaga masa nono da fura, lemon kwalba kuwa ko kallonsa kada ya yi. Ya riƙa cin kaɗan-kaɗan, yana taunawa sosai, ba ya ɗura loma kamar ana binsa ba. In ya gama ya ɗan taka. Ta ƙulla mini citta da kanumfari da ganyen ɗoɗɗoya, ta ce in tafasa in ba shi da ɗumi bayan abinci.

Sai ta ce, "Amma bayan gida fa? Yana zuwa kullum?"

Na ce ban sani ba.

"To ki tambaye shi mana."

"Ni? In tambayi surukina ko yana zagayawa? Bibiana, kina da hankali kuwa?"

Ta tafa hannu. "Chineke! Ku dai kunya ce za ta kai ku kabari. In bai yi sauƙi ba ki kai shi asibiti, kin ji na faɗa miki." Na ce to. A bas ina ta jin haushinta har Palladan, don ita komai a wurinta mai sauƙi ne.

Lahadi, da rana

Bai je sujada ba. Sebastian ma bai kira ba.

Talata, 14 ga wata, da magariba

Yana shan ruwan cittar. Ya ce da ƙofa, "A gaya wa masu gida shayin nan nasu yana da faɗa." Ya shanye dai.

Amma abin bai ragu ba. In ma da canji, ƙaruwa ya yi. Na cire wake, na cire nono, na cire kabeji, yau na cire kuɓewa ba don wani ya ce ba, sai don na rasa abin cirewa. Tuwon ma na mayar da shi ruwa-ruwa. Dattijon da ya saba cin tuwon dawa malmala biyu ya ɗauki fartanya, yanzu ina aje masa abinci kamar na yaye. Kwanon na dawowa da saura. Ban sani ba ko ƙoshi ne, ko fushi, ko tsoron abin da zai biyo baya.

Na tsinci kofi a bakin ƙofarsa da jar kanwa a jiƙe, ga kuma wani ƙullin gari mai ɗaci, irin na masu magani da lasifika a kasuwar Samaru. Ashe shi ma yana nasa yaƙin. Ina yi a ɓoye, yana yi a ɓoye, a kan ciki ɗaya.

Alhamis, da yamma

Yau na gano inda yake zuwa. Kullum da ya ci abinci sai ya ɗauki sanda ya fita, ni kuwa ina murna wai yana ɗan takawa. Na bi shi daga nesa. Hanyar Bomo ya miƙa, yana lalube da sanda, 'yan acaɓa na wucewa ta gefensa fuu, ɗaya har sai da ya taɓa masa riga. Ya yi ta tafiya har gidaje suka ƙare, ya shiga wata gona da aka gama girbe, ya tsaya shi kaɗai ya dafa ciki.

Riƙewa yake yi a gida. Tun daga tabarma har can yake ɗauke da iskar, da idon da ba ya gani, don kada in ji.

Na juyo ina kuka a titi kamar mahaukaciya. Wata mai gyaɗa ta ce, "Baiwar Allah, rasuwa aka yi?" Na ce a'a. Me zan ce mata?

Juma'a, da safe

Na tsaya a ƙofarsa da niyyar in ce mu je asibiti. Na gaishe shi, ya amsa, na tambayi kwanan jiki, ya ce, "Jiki alheri." Shi ke nan. In na ce asibiti zai ce na me, ni kuma sai in ce na me? Na koma na ɗauki jakata.

Lahadi, 19 ga wata, bayan sujada

Yau aka yi godiyar kaka. Tun zuwansa yake maganar ranar nan, har farar rigarsa ya sa na wanke na goge. Da safe na tarar da ƙwarya a ƙofar ɗakina cike da wake. Ashe ya san inda na ɓoye buhun. Daga ciki ya ce, "A kai wa Ubangiji. Shi ba ya raina abin manomi."

Na ɗauki ƙwaryar a ka na shiga layin masu rawa zuwa gaban bagade, matan Zumunta na kaɗa tulu suna guɗa, ni kuwa maganar na cina. Dattijo Gregory, wanda suke zama benci ɗaya da Baba, ya tambaye ni jikinsa. Na ce da sauƙi. Kowa na ce masa da sauƙi.

Litinin, da magariba

Rediyon Baba ya fara labarin Sudan, na fita tsakar gida na kunna famfo.

Talata, da yamma

Yau cikinsa ya yi ta murɗa, ina jin nishinsa ta katako. Na ƙara citta. Na daka gawayin ma da na raina, na zuba a koko. Ya Yesu, ban san abin da nake yi ba. Malamar aji uku ce ni, ba likita ba.

Laraba, 22 ga wata, da yamma

Shiru!

Yini guda ban ji komai ba. Rediyo ma bai ƙara masa murya ba, kuma bai fita Bomo ba. Na kasa kunne har na ji kunyar kaina, shiru. Ko cittar ce, ko gawayin, ko kanwarsa, oho. Na yi waƙa ina wanke-wanke. Da Sebastian zai kira yau da na ce masa amanarsa na nan garau.

Alhamis, da rana

Yau ma shiru. Na aika wa Bibiana saƙo ta waya na ce maganinta ya ci. Ta amso, wai yana cin abinci? Ban ba ta amsa ba. Bai ci sosai ba, amma ai ciki sai a hankali yake komawa daidai. Na jiƙa wake yadda ta koya mini, gobe in yi masa alale ya san ba a raina abin manomi ba.

Juma'a, 24 ga wata, da sassafe

Kwanon jiya na nan yadda na ajiye shi, ko buɗewa ba a yi ba. Na yi gaisuwa, ya amsa da wata murya siririya. Na ce ba zan je makaranta ba.

Juma'a, da yamma, a asibiti

In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Wajen hantsi na ji yana amai. Na tsaya a ƙofa ina "Baba, Baba," ba amsa. Na ɗaga labule na shiga, karon farko tun da ya zo gidan. Yana ƙasa a kan tabarma ya dunƙule. Cikinsa ya taso ya yi tauri kamar ganga, babbar rigar da yake sawa ce ta ɓoye mini. Abin da ya amayar ba zan kwatanta ba. Yana ganina sai ya kama jan riga yana rufe jiki. A wannan halin ma.

Maƙwabta suka taimaka aka samo tasi. A asibiti likita ya danna cikin, ya sa abin sauraro ya daɗe yana ji, sannan ya ce, "Baba, yaushe rabonka da bayan gida? Yaushe rabon da ka yi tusa?"

Baba ya kalli silin.

Likita ya maimaita. Baba ya kalli silin. Likita ya juyo gare ni ya ce, "Madam, ba wasa nake yi ba. Wa ya sani?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na dubi ƙasa na ce, "Tun Talata da yamma ban ƙara ji ba."

Baba ya rufe ido. Yanzu ya san ina ji, ya san kuma tun farko ina ji.

Likita ya ce hanji ne ya murɗe ya toshe, ba abin da ke wucewa, ko iska. Ya ce da ma kumburin da yawan iskar nan gargaɗi ne, amma ɗaukewarta gaba ɗaya ita ce babbar alamar hatsari. Shirun da na yi wa waƙa. Shirun da na aika saƙon godiya a kansa. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, in ma ban rasa ba. Za su shiga da shi tiyata yanzu.

Asabar, da hantsi

Ya fito da rai. Sun yanke wani yanki na hanjin sun haɗa. Ga roba a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu. Ya ƙanƙance a kan gadon har na kasa gane shi.

Na kira duk lambar da Sebastian ya bar mini. Ɗaya ba ta shiga, ɗaya an ce za a isar da saƙo.

Lahadi, 26 ga wata, da la'asar

Babbar nas ɗin ɗakin maza sunanta Sista Kehinde, Bayarabiya ce mai murya kamar ta kwandasta. Ta yi mini bayani a tsaye. Ta ce bayan aikin hanji ba a ba mutum komai ta baki, ko ɗigon ruwa, sai hanjin ya farka. Alamar farkawarsa kuwa ita ce iska ta fita ta ƙasa. "Da ya yi, ki zo da gudu ki faɗa mini. Kafin nan ko ya yi kuka kada ki ba shi ruwa."

Sai ta juya ta ce, ɗaki duk na ji, "Baba! Ka yi tusa?"

Baba ya kalli silin.

Abin da na yi makonni ina yaƙi da shi, yau shi nake roƙon Allah ya kawo. In dariya ce wannan, ni ban ga wurin yin ta ba.

Litinin, da rana

Babu. Leɓɓansa sun tsattsage. Ina jiƙa auduga ina shafa masa, yana kawar da kai.

Da dare ana fitar da mata daga ɗakin, Dattijo Gregory ke kwana da shi. Na tambaye shi da safe, cikin dabara, ko ya ji wani motsi. Ya ce, "Eh? Wa ya zo?" Kunnensa ɗaya ya mutu tun tuni, ɗayan kuma a kansa yake kwanciya. Wanda ke gadon kusa da Baba bai san ma inda kansa yake ba.

Talata, 28 ga wata, da azahar

Na lura da wani abu, kuma ya fi komai tayar mini da hankali. Ina zaune a gefen gado sai na ga fuskarsa ta ɗaure, ya damƙi ƙarfen gado, yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe, gumi na tsattsafowa. Can sai ya saki numfashi. Riƙewa yake yi. Da ɗinki a ciki, da roba a hanci, riƙewa yake yi don ina wurin.

Na tashi na fita, na zauna a baranda na daɗe. Da na dawo Sista ta zo ta yi tambayarta. Ya kalli silin. Ya yi ne da ba na nan? Bai yi ba? Ba zai faɗa wa mace ba, ba zai faɗa wa likita sa'an jikansa ba. In ina nan ba zai yi ba, in ba na nan ba zai faɗa ba. An gudu ba a tsira ba.

Na gwada yi masa irin tasa. Na fuskanci bango na ce, "A gaya wa masu jinya likita ya ce kada a riƙe komai a ciki. In an saki, a faɗa."

Ya ce, "An ji."

Shi ke nan abin da na samu.

Laraba, da safe

Bibiana ta zo da ayaba da ba mai ci. Ta ce bari ta yi masa magana da kanta. Na riƙe mata zani. In ta buɗe bakin nan nata a kansa, kunya ce za ta ƙarasa shi kafin ciwo.

Laraba, da yamma

Likita ya kira ni waje. Ya ce yana jin ɗan motsi a cikin amma bai gamsu ba, cikin bai sauka yadda yake so ba. In har gobe da yamma babu labari, za su ɗauki hoto, kuma mai yiwuwa su sake buɗe shi su ga ko ɗinkin ya samu matsala. Na ce zai iya ɗauka? Ya ce, "Shekarunsa sun ja, Madam. Ba na so mu kai ga haka."

Na gane abin da bai faɗa ba.

Za a sake yanka dattijon nan, wataƙila a banza, wataƙila ya tafi a kan teburin, saboda yana jin kunyata. Ni ce ciwon. Da ɗansa ne a kujerar nan da tuni an wuce wurin. Ina kake, Sebastian? Ka bar mini amanar da ba ta iya kallona.

Na yi addu'a, kalmomin sun ƙi haɗuwa. Na buɗe Zabura na rufe.

Alhamis, 30 ga wata, da hantsi

Babu. Idanunsa sun faɗa. Ya daina amsa gaisuwa da baki, sai da hannu.

Wani tunani ya zo mini a bas, na kore shi, ya dawo. Uwata da ta ji da ta ce ba ita ta haife ni ba. Matan Zumunta da sun cire ni daga layi. Amma na duba gabas na duba yamma, ban ga wata hanya ba. Mutum ba ya jin kunyar wanda ya riga shi zubar da tasa.

Na sauka a bakin asibiti na sayi ƙosai mai yawa, da dafaffen ƙwai, da soyayyen dankali, na kora da lemon kwalba mai sanyi. Na ci a tsaye kamar mayunwaciya har mai ƙosan ta ce, "Hajiya, a hankali." Ban gyara mata ba. Yanzu ina baranda ina jira cikina ya amsa. Ya Ubangiji, ka taɓa jin roƙo irin wannan?

Alhamis, da la'asar

Na shiga bayan azahar, lokacin da ɗakin ke yin tsit, masu jinya na gyangyaɗi, janareta ma an kashe. Na ja kujerar ƙarfe na matsa dab da kan gadon. Baba na kwance ido biyu, ya damƙi ƙarfen nan nasa. Na gaishe shi, ya ɗaga yatsa.

Na zauna. Cikina ya cika ya yi tam, amma jikina ya ƙi. Ashe abin da uwa ta hana ka tun kana rarrafe ba ya sakuwa don ka ce ya saku. Gumi ya jiƙa mini riga. Nan na san abin da dattijon nan yake sha tun zuwansa gidana, tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye. Na kalli agogon bango, na tuna teburin tiyata, na rufe ido, na saki.

Kujerar ƙarfe ta fi bencin katako rashin mutunci. Wani mai jinya a can ƙarshen ɗaki ya farka ya ce, "Subhanallahi."

Ban yi tari ba, ban ja kujera ba, ban tashi ba. Na zauna a wurin, fuskata kamar an watsa mata barkono, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "Ku gafarce ni, Baba. Ni ce."

Ya ci gaba da kallon silin. Na ce shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza.

Sai na ga bargo na motsi. Kafaɗunsa ne ke rawa. Ya saki ƙarfen gadon ya dafe ɗinkin da hannu biyu, bakinsa a rufe gam, dariya na fita ta hanci ta gefen roba, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Yana so ya tsaya ya kasa. Yana cewa "wayyo, wayyo" yana ƙarawa. A tsakiyar wannan dariyar ce ta zo. Doguwa, mai ƙarfi, kamar ana yage sabon yadi, ta tsaya, ta sake ɗorawa. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi a kunne kamarta ba, ko a coci.

Na zame daga kujera na durƙusa a siminti ina kuka ina "Na gode, Yesu, na gode." Shi kuma ya kwanta yana haki, ya share ido da bayan hannu. Da numfashinsa ya daidaita sai ya gyara bargo, ya haɗa fuska irin ta mai wa'azi, ya kalli silin ya ce:

"A je a gaya wa Sista. A ce mata ta biyun ce tawa."